Malam Umaru, a Sassauta Sharaɗin da Na Ɗora wa Muryar Inna

Zuwa ga Malam Umaru, mai kula da ɗakin ajiyar muryoyi na lardi, Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina taya ka murnar kujerar da ka hau yanzu da Turawa ke ta ɗaure kayansu. Ni ne Abdullahi mai kwafar littattafai na Ƙofar Atiku, gidan da ka saba shigowa shan furar Inna ba gayyata. Sau uku ina zuwa ofishinka kana sallamata da shayi da murmushi, shi ya sa na rubuto a fili.

1. Shekara huɗu ke nan, gab da azumi, ka zo gidanmu da na'urar ɗaukar murya. Yini biyu mahaifiyata tana bayan labule tana rera waƙoƙin da take koya wa mata alwala da salla da wankan gawa, waɗanda ta haddace a bakin kakarta. Tef uku ta cika. Ba a taɓa rubuta waƙoƙin nan ba. Ni da alƙalami ne sana'ata ban rubuta ko baiti ɗaya ba, ina ganin sha'anin mata ne.

2. Kafin ka tafi na rubuta maka sharaɗi da hannuna: kada a kunna, kada a kwafa, kada a ba kowa, ko da ni ne na zo da kaina. Wannan ƙarshen ba wanda ya roƙe ni shi. Kishin kada baƙin maza su ji muryar uwata ne, sai kuma daɗin alƙalami da ya ɗebe ni.

3. Bara da damina Allah ya yi wa Inna rasuwa. Ƙanwata Balkisu ta gaji tabarmarta, mata na takowa tun daga Dundaye kowace Alhamis. Amma in ta kai tsakiyar waƙar wankan gawa sai ta tsaya, ta duba su, su dube ta, ba mai ci gaba. Ranar nan na same ta tana kuka a ɗakin Inna.

4. Kai da bakinka ka faɗa mini cewa tef ɗin da aka bari cikin zafi ba a warware shi yakan manne kamar alewa. Na Inna suna cikin kabad ɗin ƙarfe, ƙarƙashin rufin kwano, ga bazara saura wata biyu, kuma kowanne ɗaya ne tilo. A gidanmu ba mu cewa an adana littafi sai an kwafe shi an kai kwafin wani gida, saboda gobara da gara.

Kukana da kai ke nan: riƙon amanarka ya yi yawa. Duk zuwan da na yi, sai ka jawo takardata ka ɗora yatsa kan rubutuna. Ban ga laifinka ba, haka aka rene ka, kuma abin da ya sa Inna ta yarda da kai ke nan. Amma ka tuna muryar tata ce, kuma ita ba ta gindaya maka sharaɗi ba. Don ta isa kunnen mata ta rera, ni ne na tare hanya.

Saboda haka na janye sharaɗina, jama'a su shaida. Ina roƙon ka kwafi kowane tef, ka ajiye na asali a ɗakin ƙasa mai sanyi, a riƙa warware su kowace shekara kafin zafi. Kwafin kuma ka kawo gidanmu da na'urar, ka nuna wa Balkisu inda ake dannawa, mu maza mu fito. Ban ce a bar ni in shiga ba. Sai dai in sun kunna daga cikin gida, kada kowa ya tashe ni daga zaure, don ina kewar muryar nan.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka ɗaukaka, ya raya maka zuri'a, ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya.

Wassalam.

Yayanka,
Abdullahi, Ƙofar Atiku.