Naman Sunan Najiba

Sanyuanli, Guangzhou
Mayu, 1997

Zuwa ga Yaya Shehu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya Inna da ƙafarta, yaya mutanen Fagge? Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san tun a aji huɗu muka yi baram-baram da boko, kuma shi ya fara sakina.

Maganar 'yarka Najiba ce. Ƙarshen watan Yuni Turawan Ingila za su miƙa wa China Hong Kong, inda na bar ta da uwarta Mariam. Ni na ɗauka mai gidan haya kawai za a sauya, 'yan haya suna nan. Ashe har da yarinya 'yar shekara uku a cikin rigimar. China ta ce ba jininta ba ce, tunda kakannin Mariam daga Indiya suka zo. Ingila ta ce ai ubanta ɗan Najeriya ne, ya ɗauki abarsa. Namu kuma sun ce ba fasfo sai da shaidar mai unguwa cewa an san ta a gidanmu. Ka ga ni, na haifi 'yar da ƙasa uku ke tura wa juna kamar ragowar tuwon jiya.

Abin ba wuya. Ka je ka tuna wa Mai Unguwa ragon sunanta da na sa ka yanka a ƙofar gida. Wanda ya ci nama ai ba ya musun haihuwa.

Ƙaninka,
Ghali

Fagge, Kano

Zuwa ga Ghali,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso, an kuma fahimta. Mai Unguwa ba ya jin daɗi kwanakin nan, irin wannan lamari kuwa ba a yi masa gaggawa. Ka kwantar da hankalinka. Yadin da ka aiko ya yi kyau, a ƙaro mai ruwan toka.

Allah ya yi mana jagora.
Shehu

Fagge, Kano

Yaya Ghali,

Sallama da gaisuwa. Alhaji Tankari da ya kawo yadi ya dube ni ya ce wai 'yarka tana kama da ni sak. Na ce wace 'ya? Yaya, aure ka yi? Wallahi babu wanda ya sani a gidan nan, har Inna.

Na tsare Yaya Shehu. Ya ce shi tun farko ya hana ka, kuma ba zai tsaya gaban unguwa ya ce ƙaninsa ya auro bare ba. Ragon kuwa da layya aka yanka shi, ya ce tsarabarka ce ga Inna. Har yau tana sa maka albarka a kansa. Mai Unguwa lafiyarsa lau, ɗazu ya wuce a keke.

Ka gaishe mini da 'yata.
Ƙanwarka, Saude

Sanyuanli, Guangzhou
Yuni, 1997

Yaya Shehu,

Assalamu alaikum. Ashe Najiba ta yi layya tun ba ta yi haƙori ba. Madalla.

Ban riƙe China da Ingila a zuci ba. Babu wadda muka sha nono ɗaya da ita a cikinsu.

Jiya Juma'a na sayi rago wurin Musulmin da ke gashin nama a bayan masaukinmu. Duk ɗan Fagge da ke garin nan ya zo. Aka raɗa suna, suka ci, suka sa hannu cewa sun shaida. Ita ce jaririya ta farko da ta amsa sunanta da bakinta, ta waya. Ko ofis zai karɓi wannan shaida, Allah masani. Litinin za a sauke tutar Ingila.

Na soya kason gida. Yana hannun Alhaji Tankari, da ya dawo nan sari, tare da hoton Najiba, kuma Inna zai miƙa wa, hannu da hannu. Naka ma yana ciki. Ka ci a gaban Inna.

Wassalam,
Ghali, uban Najiba