Naman Ƙasan da Na Koya Saboda Salwa

Badariya, Birnin Kebbi

Zuwa ga 'yata Mubina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Abdussamadu da jikata kuma ƙawata Salwa. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a Legas. Mu nan alhamdulillahi, ruwa ya sauka sosai, an ce fadamar Argungu ta cika. Ƙanenki Zulkifli ya koma makaranta Sakkwato tun bayan ƙaramar Salla, gwiwata kuma tana nan yadda kika san ta. Na zaɓi in rubuto ne domin a waya da kin tambaye ni gida, sai bakina ya ce lafiya lau kafin ya yi shawara da ni.

Kin tuna ran da na ce ki turo mini Salwa dogon hutun nan, kika ce ba ta cin tuwo, abin da take so shi ne naman ƙasan nan da ake cusa wa haɗi a gasa, kina tsoron ta zo ta rame? Dariya na yi, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ni da na shekara talatin ina ciyar da mutum goma sha ɗaya, a ce abincin 'yar shekara bakwai ya gagare ni? Na tafi unguwar Nasarawa wurin Maman Chibuzor mai kayan miya, ta sa aka kawo mini shi daga Jos cikin kwali. Ita ta nuna mini cewa ba a jiƙa shi, gogewa ake yi da tsumma mai laima, a cire ƙafar, a yayyanka ta a soya da albasa. Ta ce a sa cukun kanti, na ce a'a, kifin banda na Argungu zan marmasa, da attaruhu kaɗan, da ƙwai ya riƙe haɗin. Na zuba rairayi a tukunya kamar yadda muke gasa kek, na cusa musu haɗin, na jera su a faranti na rufe. Mubina, ƙamshin har zaure.

Ashirin da huɗu na yi, wai gwaji, don har yau hannuna bai iya awon mutum ɗaya ba. Na zuba wa maƙwabta kamar yadda aka saba, na kai da ƙafata tunda babu wanda zan aika. Kafin la'asar kwanuka uku sun dawo. Hajiya Ɗayyaba har da ɗora dabino a kan murfi, amma da na buɗe sai na tarar ko ɗaya ba a taɓa ba. Ashe sun ɗauka laimar kwaɗi na tsinto a bayan gida. A bayan idona suka kira kawunki Maigandi suka ce ya zo ya duba ƙanwarsa, zaman kaɗaici tun rasuwar Malam babanku ya fara taɓa ta.

Washegari da hantsi sai ga shi daga Argungu, fuska a ɗaure. Na yi masa bayani, na ɗumama masa biyu. Ya juya su, ya yi bisimilla sau biyu, ya ci, ya ce kifin dai ya yi daɗi. Mun sha dariya. Sai ya dubi ɗakunan nan huɗu da ke rufe, ya tambaye ni yaushe rabon da in sa hannu a kwano ɗaya da wani. Na buɗe baki zan yi masa tsiwa, na lissafa baya, sai na ga tun ƙaramar Salla ne. Ya ce in kulle gidan in koma Argungu, ɗakin marigayiya innarmu yana nan ba kowa.

Ba na son barin gidan babanku, amma gaskiya na gaji da jin ƙarar cokalina ni kaɗai. Na ce masa ya bari hutu ya wuce, in ba wanda ya zo zan miƙa masa makulli ba gardama.

Ki gai da Abdussamadu da surukarki Hajiya Uwa, ki shafa mini kan Salwa, ki ce abincinta ya samu kuma babu yaji da yawa. Kawunki da Maman Chibuzor suna gaishe ki. Ki yafe mini abu ɗaya: na riga na gaya wa Maigandi da maƙwabta duka cewa baƙuwa tana tafe daga Legas, kuma ban tambaye ki ba kafin in faɗa.

Taki har kullum,
Innarki Sadatu