Tukunyar Furen da Baba Ya Dawo da Ita Daga Blois

Le Mans, cikin watan Nuwamba

Ƙanina Gaëtan,

Gaisuwa mai yawa daga yayarka, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mireille da yara. Yaya sanyin Kanada? Allah ya ba ku jure shi, ya tsare mana ku a can nesa. Mu nan muna lafiya gwargwado. Mijina Régis yana nan da ciwon bayansa da surutunsa, babu wanda ya ragu. Ƙafar Baba ta yi sauƙi tun faɗuwar nan da ya yi a banɗaki, sai dai ba ya rabuwa da sanda. Ranar Lahadi ka kira ban ɗauka ba. Ina gani wayar tana ƙara na ƙyale ta, don da na ɗauka da mun yi faɗa. Shi ya sa na zauna na rubuto maka, ka karanta har ƙarshe ba tare da ka katse ni ba.

Na yi abin da ka ce. Kai ne ka samo gidan tsofaffin nan na Blois, kai ne ka ce tunda garin haihuwarsa ne, kuma a can kabarin Mama yake, zai fi yarda. Ka ce kada in gaya masa komai, in ɗauke shi mu je ƙarshen mako kamar yadda muke yi duk Toussaint, lokacin ziyarar kaburbura, don kai wa Mama fure, idan ya ga ɗakin da idonsa zai sauko. Ni ma na yarda, ba zan ɗora maka duka ba. Na gaji, Gaëtan. Ina wurin aiki hankalina yana gida, ko ya faɗi, ko ya bar wuta a kunne. Amma tun a mota jikina ya yi sanyi, don ka ga murnar da yake yi. Ya sa sabuwar hularsa, yana ta ba Régis labarin yadda suke tsallake makaranta su tafi kamun kifi a kogin Loire.

Ranar Asabar da safe muka bar motar a masauki muka gangara kasuwa a ƙarƙashin tsohuwar fadar sarakunan garin. Baba da kansa ya zaɓi furen kabari, tukunya biyu manya, ruwan ɗorawa ta Mama, fara ta Kaka Léonie. Ya tsaya yana tsokanar mai furen, wai ya san kakarta tun tana sayar da albasa a wurin, kuma ita ma haka take da tsada. Ni ina ta duba agogo, don matar da ke kula da gidan tana jiranmu. Da aka fara yayyafi sai na ce mu ɗan fake a wani gida can gaba. Ƙarya ce mara fasali, amma ita ta zo bakina.

Muna shiga matar ta taho da fara'arta, ta kira Baba da sunansa, ta ce sannu da zuwa Monsieur Fernand, ɗakinku yana nan yana jiranku. Baba ya dube ni. Sai ya bi ta. Ɗakin ba laifi, gaskiya, akwai taga mai kallon kogi. To a nan ne mijin yayarka ya yi abin da har in mutu ba zan manta ba. Hannunsa ya gaji da ɗaukar farar tukunyar, sai ya dire ta a kan ɗan teburin da ke gefen gado, daidai wajen kai. Gaëtan, furen kabari, a gefen gadon mai rai! Ko yaron goye a ƙasar nan ya san ba a shiga da furen nan ɗakin mutum. Matar ta daskare. Ni kuma ga tawa tukunyar a rungume, na rasa inda zan sa kaina.

Baba ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, kamar yadda yake yi a gaban kabari. Ya ce wa matar, a hankali, yaran nan nasa sun iya aiki, ba su bar komai ba, ga wurin kwanciya ga fure, akwati kaɗai ya rage. Régis ya fara rantse-rantse wai wallahi hannunsa ne ya sage. Baba ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai surukin kirki ke nan, wanda ba ya bari sai an tuna masa. Daga nan ya mayar da hularsa ya fita, muka biyo shi kowa da tukunyarsa.

Da rana muka zauna cin abinci a gidan nan na bakin gada da yake so. Aka kawo masa kifinsa da miyar man shanu, bai taɓa ba. Ko cuku bai kalla ba, kai ka san Baba da cuku. Na ce mu haye maƙabarta, ya ce ya gaji, ai ya riga ya ga kabari ɗaya yau, ya isa. Na ce masa shawararmu ce ni da kai, don lafiyarsa. Ya ce shi bai ga kowa a ɗakin nan ba sai ni. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, na haɗiye.

Lahadi da safe na ƙwanƙwasa ƙofarsa shiru. Da aka buɗe, gado a gyare, ba shi, ba sanda, ba tukunya mai ruwan ɗorawa. Maganinsa yana kan tebur bai sha ba. Mai masaukin ta ce ta ga fitarsa tun gari bai gama wayewa ba, ya gaishe ta da kyau, ya ce ta gaya wa 'yarsa kada ta wahalar da kanta. Ina jin haka na san ba lafiya. Na tura Régis wajen fadar da matakalan nan, ni na yi bakin kogi da gudu. An kwana ana ruwa, Loire ya cika ya yi jajir, yana tafe da rassan itatuwa. A tsakiyar tsohuwar gadar na ga ganyen fure ruwan ɗorawa a warwatse a kan dutsen jingina. Wani mai yawo da kare ya ce eh, ya ga wani tsoho ya daɗe a tsaye a wurin yana kallon ruwa, amma bai lura da inda ya yi ba. Na leƙa ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na yi ina leƙen ba, ina kiran Baba kamar ƙaramar yarinya, mutane suna wucewa da burodinsu a hammata suna kallona. A lokacin na tsane ka, na tsani kaina.

Ƙafafuna ne suka kai ni tsallake, ba hankalina ba. Maƙabartar cike take da iyalai, kowa da bokiti da tsumma. Can na hango hular. Yana durƙushe a kan kabarin Mama, wandonsa ya jiƙe sharkaf, yana goge dutsen da hankicinsa, tukunyar a ajiye a mazauninta. Na faɗa kansa ina kuka. Ya ce mene ne haka nake haki kamar an koro ni, ko na zaci ruwa ya faɗa? Ya ce hutawa ya yi a gada don tukunyar ta yi nauyi, kuma bai ga dalilin da zai sauƙaƙa mana aiki ba. Sai ya ɗora yatsa a kan dutsen, ƙasa da sunan Mama, inda aka bar fili. Ya ce shi yana da ɗaki a Blois tun tuni, ga shi nan, kusa da matarsa, ba ya bukatar na biyu. Ya ce Odette ɗinsa da ke kwance a nan tana samun baƙi sau ɗaya a shekara ba ta taɓa ƙorafi ba, amma shi da sauran numfashinsa, ba zai iya wannan haƙurin ba.

Da na kira Régis ya iso da farar tukunyar daga masauki don mu kai wa Kaka, Baba ya hana. Ya ce mahaifiyarsa za ta yafe masa bana, wannan tasa ce, tunda an riga an kai masa ita har gado. A cinyarsa ya riƙe ta har Le Mans. Yanzu tana kan teburin cin abincinmu, gefen farantinsa. Kullum da safe sai ya ba ta ruwa kafin ya sha kofinsa. Maƙwabciyarmu ta shigo ta gani, ta tambaye ni a ɓoye wa ya rasu.

Matar gidan tsofaffin ta kira tana son amsa, na ce mata a ba wani ɗakin. Ban yi shawara da kai ba, kuma ba na neman afuwa. Amma gajiyata tana nan inda take, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Ka zo Kirsimeti, kai da kanka, ba murya a waya ba. Ka zauna a teburin nan ka faɗa masa abin da kake ganin ya dace, yana kallonka. Na yi ƙoƙarin ɗauke tukunyar sau ɗaya, ya riƙe hannuna ya ce in bar ta, ba ni kaɗai na ajiye ta ba, akwai wanda yake jira ya zo ya ɗauke.

Ka gaida Mireille da kyau, ka sumbatar mini Anouk da Bastien. Régis yana gaishe ka, har yau bai iya haɗa ido da Baba ba. Na tambayi Baba ko yana da saƙo, ya ce in gaya maka furen nan ba ya wuce farkon sanyi.

Yayarka,
Ghislaine