Allon Fitilun da Muftahu Ya Bari

Anti Alima, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Yayana Muftahu ya rasu bayan ƙaramar sallah, hatsarin trotro, motar haya, a hanyar unguwar Madina. Karatun kwamfuta yake yi. Ya bar wani allo a ɗakinsa a nan Maamobi, cike da ƙananan fitilu a jere. Ya taɓa yi mini bayani ina ta tsokanarsa, wai ƙato da gemu yana wasan yara. Ya ce fitilun ba su da shugaba. Kowacce maƙwabtanta take duba, ta bi abin da mafi yawansu suke yi. In ɗaya ta kuskure, sauran su maido ta hanya, don kada lissafi ya lalace. Bincikensa ke nan.

Kalmar da ya bari a allon ita ce Mma, yadda muke kiran mahaifiyarmu. Duk sanda wuta ta yi rawa fitilun su hargitse, sai kalmar ta sake haɗa kanta a hankali. Tun da Mma ta ga haka ta daina fita sayar da waakye, wato shinkafa da wake. Tana zaune gaban allon, wai ɗanta ne yake gaishe ta. Kawunmu ya ce a fasa shi. Ni na san waya ce da lantarki, amma wallahi tsikar jikina tashi take yi.

Yanzu kusurwa ɗaya ta mutu, duhun yana ƙara ci. Mma ta ce Muftahu ne yake tafiya, ta rage cin abinci. In sa abokinsa Usaini ya gyara a ɓoye? Tsoro nake ji ranar da allon zai mutu duka.

Mai damuwa, Maamobi

'Yata, Allah ya ji ƙan Muftahu.

Na tambayi masu wannan ilimi. Sun ce gyaran kan da fitilun suke yi yana da iyaka: in fitilun da suka lalace suka yi yawa a wuri guda, su ne za su rinjayi na kusa da su. Babu aljani a nan, kuma Muftahu ba ya cikin allo.

Kawunki yana da gaskiya da ya ji tsoron inda abin zai kai, amma fasawa rashi na biyu ne ga uwa. Gyaran ɓoye kuma ramin ƙarya ne, ƙurarre. Usaini ya zo ya buɗe allon a gaban Mma, ya nuna mata wayoyin, ya faɗa mata irin ƙwaƙwalwar ɗan da ta haifa. Ki kira ƙawayenta su riƙa zuwa da abinci, su ci tare, su yi masa addu'a.

Sai ke. Kin cika takarda da Mma da Kawu, ba ki ce kin yi kuka ba. Ke ma ɗan'uwa kika rasa. Ki shiga ɗakin ki zauna kusa da ita, ku yi kukanku tare.

Allah ya ba ku dangana.

Anti Alima