Simintin da Na Zuba a Idon Ruwanmu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hure,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da roƙon Allah ya haskaka makwancinki, Inna, yau da haushi na zo miki, kuma rabinsa haushin kaina ne.

Ranar Asabar na je garinmu. Na shiga mota daga Gusau, na sauka a hanyar Tsafe, mai mashin ya kai ni gindin dutse. Ko gida ban shiga ba na wuce idon ruwan nan da ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutsen. Inna, ya ƙafe ƙaf. Famfon da muka kafa yana nan tsaye, awaki na goga jiki da shi.

Kin tuna bayan girbi, yadda ku mata kuke taruwa ku yashe idon da hannu da sakaina, ku kwashe laka da ruɓaɓɓen ganye? Ni ne na dawo ina ji da boko, na ce wannan ƙauyanci ne. Na tara 'yan ƙungiyarmu mazauna Gusau, muka lulluɓe shi da siminti, muka sa bututu, har da ɗaukar hoto. Kika ce mini, "Ido aka ce mashi hwa, Sa'idu. Wa ya taɓa liƙe ido?" Na yi dariya.

Shekara biyu ya yi yana zuwa, ta uku ya ɗauke. Laka ta toshe shi ta ciki, babu hannun da zai kai gare ta. Yanzu mata har fadama suke sauka ɗibar ruwa, hanyar da ko maza ba sa son bi a wannan zamani.

Ina tsaye sai ga aminiyarki Inna Dije ta hauro da jarka a ka, tana haki. Ta sauke, ta cika moɗa ta miƙo mini. "Sha, ɗan Hure, ka sha hanya." Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Na sha, don ba a mayar da ruwan baƙo.

Da na koma Gusau na bi 'yan ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya, na ce a fasa simintin. Wannan ya ce ai sunayenmu na rubuce a jiki. Wancan ya ce a kafa kwamiti tukuna. Kwamiti, Inna! Tsohuwa na hawan dutse da jarka, su suna neman sakatare.

Na gaji da lallashi. Na aro guduma wurin wani magini, Asabar mai zuwa zan koma, ko sun yarda ko ba su yarda ba. Ban sani ba ko ruwan zai dawo, kuma wannan ne ke ba ni tsoro.

Ki yafe mini, Innata. Allah ya jiƙan ki, ya shayar da ke ruwan Alkausara.

Ɗanki mai taurin kai,
Sa'idu