Turaren Wuta a Ɗakin Silikon

Mayo Gwoi, Jalingo.

Zuwa ga aminina, marigayi Dakta Hamman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke iya yi wa wanda ya riga shi, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san babu gidan wayar da zai kai maka wannan takarda. Na rubuta ne don shawarar da nake nema kai kaɗai ka isa ka bayar, ga shi yau shekara biyar da muka sa ka a ƙasa.

'Yarka Dija, wadda ka bar mini amana, ta gama sakandare. Mako uku da suka wuce ta kawo mini fom ɗin shiga jami'a, ta cike ko'ina, saura wurin da zan sa hannu. Na duba abin da ta zaɓa, sai na ga injiniyan lantarki. Wai ta buɗe akwatinka ta karanta littattafan rubutunka, tana so ta koyi ƙera taransisto, 'yar ƙwayar nan da ke sa rediyo magana. Jibi Juma'a ake rufe karɓa. Fom ɗin yana shagona ƙarƙashin wata matacciyar rediyo, ban taɓa shi ba.

I, shago na ce. Bayan rasuwarka na ajiye aikin jami'a na dawo gida, lokacin da aka yanke mana jiha daga Gongola, ina zaton za a nemi irinmu. Direbobi aka nema da masu buga tafireta. Yanzu gyaran rediyo da kaset nake yi. Jiya wani manomi daga Kona ya kawo tasa a cikin buhu, na cire mata ƙwaya ɗaya na liƙa wata da dalma. Daga ƙetaren teku aka kawo ƙwayar, irin wadda gwamnati ta tura ni da kai ƙasar waje muka yi shekara shida muna koyon yinta.

Kana tuna ɗakinmu na ƙera ƙwayar a jami'a? Sai da muka yi shekara uku muna roƙo kafin na'urorin su iso. Ɗaki marar taga, iskar ciki sai ta bi ta matata, ba mai shiga sai da farar riga da hula da safar hannu, don ɗigon dattin da ido ba ya gani ya isa ya kashe aikin wata guda. Kakan ce wa ɗalibai, "Nan ko numfashi da izini ake yi."

Sai aka ce babban baƙo zai zo buɗe ɗakin. Mu biyu aka tura mu filin jirgi cikin 'yan tarya, wai mu ne masu digirin waje. A bayanmu magatakardan jami'a ya karɓi makulli ya shiga, ya ga ɗaki tsirara, ba kafet, ba labule, sai warin magani. Ya ce abin kunya ne a shigar da babban mutum wuri irin wannan. Aka shimfiɗa kafet, aka dogare ƙofa da dutse, aka kawo kasko biyu na turaren wuta, mai kyau, irin na Barno.

Ba mugunta ya yi ba, Hamman, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Haka uwarsa ta koya masa karrama baƙo, haka tawa ta koya mini.

Har yanzu ina ganinka tsaye a bakin ƙofa, hayaki na fitowa ta gefen kunnenka, ka kasa ɗaga ƙafa. Baƙon ya ɗauki faifan silikon na farko da muka yi, wanda daga jikinsa ake yanka ƙwayar, da hannun da ya gama ɓara goro, ya duba fuskarsa a ciki, ya ce madubin ya yi kyau sai dai ya yi ƙanƙanta. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi. Kai kaɗai ba ka yi ba, kuma ba ka taɓa goranta mini ba.

Matatar ta toshe ranar. Muka yi ta rubuta takardu a kawo wata, har na daina sa hannu. Ɗalibanmu suka gama karatu da zane a allo. Na ji an ce yanzu kujerun taro ake tarawa a ɗakin.

Kai ka ci gaba da shiga aji da alli. Wata rana na tare ka a kan matakala, na ce ka daina yaudarar 'ya'yan mutane. Ka kalle ni ka ce, "Soobajo, abokina, wanda zai hana a shigo da kasko gobe, yau yana zaune a ajina." Na yi tsaki na wuce. Ban nemi gafararka ba har ka tafi.

Ga tsorona. In na sa hannu, wataƙila na tura ta hanyar da ta ƙare a shago irin nawa. In na ƙi, na rufe ajinka da hannuna. Kullum ta kawo mini abinci sai ta saci kallon rediyon da ke danne da fom ɗin, ta ce, "Baffa, a ci lafiya," ta fita. Shirunta irin naka ne.

Faifan yana wurina, cikin gwangwanin taba, shatin yatsan mutumin bai goge ba. Gobe zan ba ta, in gaya mata komai, har dariyar da na yi. In ta ji ta ce tana nan a kan bakanta, zan sa hannu. Ba don na yarda da ƙasar nan ba. Don na taɓa wuce ka a kan matakala, ba zan wuce 'yarka ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe mini tsakin nan. Allah Ya ba Dija ɗakin da za a bar mata ƙofarsa a rufe.

Naka har mu sadu,
Umaru