Ni na warkar da dokin Babana, ni ne kuma nake mayar masa da ciwon

Assalamu alaikum mai wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma duk mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni. Ni tela ne, shagona yana Tudun Wada a nan Gombe, gidana yana Jekadafari. Maganar doki ce ta kawo ni. Na san wani zai ja tsaki ya ce ana ta rai wa yake ta doki, to wallahi wannan ɗin ma maganar rai ce.

Mahaifina ya dawo wurina ne daga ƙauyenmu da ke kudancin Borno, lokacin da mutanen daji suka shiga. Yayana bai fito ba. Baba ya tsira da rigar jikinsa da dokinsa Bidi, ya ja shi a ƙasa har Biu, daga nan aka taimaka aka sa su a motar shanu. Na kafa wa dokin turke a filin bayan gida inda na so in yi ɗaki. Baba yana da yanar ido, gani yake dishi-dishi, ba ya zuwa ko'ina sai masallaci, ba ya doguwar hira da kowa sai Bidi. Safe da yamma zai auna dawa da tafin hannunsa, ya barbaɗa kanwa, ya zuba a wata tsohuwar tasa, ya laluba ya koma kan tabarmarsa yana sauraron dokin yana gurza. Haka ubansa ya yi, haka ya tashi ya gani. A duk yinin, lokacin nan ne kawai nake ganin fuskarsa ta saki.

Ba a daɗe ba Bidi ya fara lalacewa. Ya ci kaɗan ya bari, ya riƙa juyowa yana kallon cikinsa, yana cizon turke, in ka taɓa wajen majayi, inda igiyar sirdi take zagaye ciki, ya kawo maka cizo. Haƙarƙari duk suka fito. Na ɗauko likitan dabbobi, ya duba ya ce gyambon ciki ne, irin olsar da ke damun mutane. Ya ce wahalar hanya da tsoro da zaman turke sun isa su jawo shi, dawa kuma tana ƙara hura shi. Wai cikin doki ba ya daina zubo ruwan tsami ko da abinci ko babu, saboda haka bai kamata ya zauna wayam daga safe zuwa yamma ba. Ya ba da magani, amma ya ce magani kaɗai ba zai riƙe ba, sai an janye hatsi an koma wata ciyawa da ake kira alfalfa, tana kwantar da tsamin. Masu dawakin folo, wato ƙwallon dawaki, suna sayenta a buhu, wata yankakkiya, wata an cura ta ƙanana kamar abincin kifi. Ya ce in zaɓi koriya mai ƙamshi, ba mai fumfuna ba, ba kuma wadda aka gauraya da zaƙi ba, a ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, a cike tsakani da harawar gyaɗa mai ganye.

Baba yana jin kalmar harawa ya miƙe zaune. "Harawa? Bidi ragon layya ne? Likita, ka je ka duba awaki. Doki da dawa ake riƙe shi." Likita ya kalle ni, na kalli ƙasa. Da na sake tayar da zancen bayan ya tafi, Baba ya ce, "Kai Tela, zare da allura ka sani, ka bar mini dabbata." Haka yake kirana, Tela, tun ranar da na ƙi gona.

To ni ma ɗansa ne, taurin kan gado na yi. Na sa wani direba ya taho mini da buhu daga Kano, na zaɓi curarriyar da gangan, saboda in doki yana taunarta ƙararta ɗaya da ta dawa. Da Baba ya zuba ya juya baya, sai in sa hannu a hankali in ɗauke tasar, in ajiye tawa, dawar kuma kajin matata su sha biki. In zan fita shago in bar masa harawa a bayan katanga inda ƙafar Baba ba ta kaiwa. Na ji kunyar abin? Na ji, amma ba sosai ba, don Bidi ya murmure a kan idona. Gashi ya yi sheƙi, ya koma haniniya in ya ji tarin Baba. Shi kuwa Baba har a ƙofar masallaci yake ba da labari: dawa da kanwa sun kunyata likita. Ina gefe ina danne dariya.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Wata safiya ya shafa bayan dokin tun daga wuya har gindi, ya ce, "Ya miƙe. Da ruwa ya sauka za mu tafi." Na ce, "Baba, ina?" Ya ce, "Gida mana. Ɗan'uwanka yana can, ban san inda aka sa shi ba. Gonata ta zama daji. Mota ta kai mu inda take tsayawa, sauran Bidi ya san hanya ko ni ban gani ba." Na roƙe shi, na durƙusa, na tuna masa maƙwabcinmu da ya koma ɗebo hatsinsa har yau babu labari. Na turo limamin unguwa. Baba ya saurare shi tsaf, ya yi godiya, ya aika a gyara masa sirdi. Ashe ciwon dokin ne kaɗai ya zaunar da shi a Gombe, ni kuma da hannuna na cire shi.

Ga abin da na kasa faɗa wa kowa, har matata. Na daina. Ban sa wa Bidi guba ba, ban doke shi ba, tasar kawai na bari a inda Baba ya ajiye, na kwashe harawar, na kai ragowar buhun shago na tura ƙarƙashin teburin keken ɗinki. Na ce wa kaina ai abin da mai doki yake so ake yi, ina laifina? Ƙarya nake, na san abin da nake jira. Kuma ya zo. Bidi ya koma cizon turke, ya koma kallon cikinsa, in na shigo ya ɗago kai yana shinshinar hannuna yana neman abin da ya saba, ni kuma in wuce kamar ban gan shi ba. Wane irin mutum ne yake kallon dabba tana murƙususu yana jin sanyi a ransa? Ɗinki ma ya gagare ni, ran nan hannun riga na haɗa a baibai. Damina ta kusa, ba a ƙara zancen tafiya ba, amma Baba ma ya rage cin tuwo.

Jiya da hantsi ya kira ni bayan gida, da sunana na yanka, ba Tela ba. Yana tsaye ya dafa wuyan Bidi, tasar tana ɗaya hannun. Ya ce, "Ciyawar nan ta likita, har yanzu ana samunta?" Na ce ana samu. Ya ce, "Gardama na yi, tsufa ne. Ashe hannuna ne yake kashe shi. Shi ya fito da ni daga wuta, ni kuma ga sakayyar da na yi masa." Ya miƙo mini tasar. "Karɓi. Daga yau kai za ka riƙa ba shi, na yarda da kai."

Yanzu haka ina shago, duk sanda na taka keke ƙafata tana taɓa buhun. In na kai shi gida, Bidi zai warke, Baba zai hau shi ya nufi inda yayana bai fito ba. In na bar shi a nan, dokin zai mutu, Baba zai zauna da cewa shi ya kashe shi, kuma ban ga alamar zai daɗe a bayansa ba. In kuma na faɗa masa gaskiya, da wane baki zan fara? Na ce masa zan kawo ciyawar yau kafin la'asar. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?